Littafin da Mushe Sa'idu Ya Karanta a Bakin Tabki

A damanar 1971, da aka rufe lakwal ɗin Madarumfa, wato makarantar boko, don babban hutu, malamai duk suka watse garuruwansu, ban da Mushe Sa'idu (Mushe shi ne laƙabin malamin lakwal a can, daga Faransanci). Shi mutumin Tasawa ne, amma iyayensa sun rasu, gidan ya koma hannun dangi, ba shi da ɗakin da zai kira nasa a can. Sai ya yi zamansa a gidan malamai da ke bayan lakwal, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, danga ta kewaye su.

Shekara guda ke nan da ƴan watanni tun da matarsa Rakiya ta tafi Gabi ta'aziyyar kakarta, ba ta dawo ba. Ya aika sau biyu a yi biko. A na uku mahaifinta ya zo da kansa, ya roƙi takardarta cikin mutunci, Sa'idu ya bayar. Har ranar nan bai ga laifinsa ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar ta da yunwa ba, kowace Salla da turmin atamfarta. Mutanen gari ma sun shaide shi. In abin ya faɗo masa a rai sai ya ce butulci ne irin na ɗan Adam, ya kawar da zancen.

Darakta, shugaban lakwal, ya bar masa makullin biro, wato ofishinsa, ya ce ya riƙa leƙawa saboda yoyo da gara. A nan ya tarar da wani kwali na littattafai da wani Bature mai aikin gyaɗa ya bar wa lakwal da zai koma ƙasarsu. Yawancinsu na noma ne da taki. Ɗaya ne kawai na labari, cikin Faransanci, shafi ɗari uku da wani abu, gara ta cinye bangon har ba a iya karanta sunansa ko sunan wanda ya rubuta shi. Sa'idu ya kakkaɓe shi ya sa a aljihu.

Gidan shiru ya yi masa yawa, saboda haka kullum bayan la'asar sai ya ɗauki tabarma ya gangara bakin tabki, ya zauna gindin wata kuka. Ruwa ya cika ya ci rabin hanyar da ake bi da rani, shamuwa na kiwo a cikin ciyawa. A nan ya fara karatu.

Mai ba da labarin wani mai kantin magani ne a wani ƙaramin gari mai sanyi, gwauro, wanda ƙanwarsa ta dawo gidansa bayan mijinta ya mutu. Shafi hamsin na farko ba abin da ya faru. Yana dafa mata miya, yana auna mata maganin barci, yana rufe tagogi kada iska ta kama ta. Sau biyu Sa'idu ya yi niyyar mayar da littafin cikin kwali. Abin da ya hana shi, maganar mutumin ta kwanta masa: mutum ne mai tsari, mai haƙuri, ba ya ɗaga murya, yana ɗawainiya ba mai gode masa.

Ƙarƙashin kukar akwai wani tsohon masunci, Ado, wanda ƙafa ta hana shi shiga ruwa, ya koma gyaran koma. Kwana huɗu suna gaisawa kawai. A na biyar tsohon ya ce, "Mushe, kullum kai da takardar nan. Jarrabawa za ka yi?"

"Labari ne, Baba Ado."

"To ai labari da baki ake yin sa. Ba ni in ji."

Sa'idu ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya mayar masa da abin da ya karanta cikin Hausa. Ado yana saurare, allurar saƙa na shiga tana fita.

"Sai mi ya faru?"

"Sai ya rufe taga."

"Ɗazu ma ya rufe taga."

"Wata tagar ce."

"Lalle Nasara na da lokaci," in ji Ado. Amma washegari shi ya riga tambaya: "Ina mai taga? Ya rufe ta yau?"

Haka suka ci gaba. Sa'idu ya karanta shafi goma ko goma sha biyar, ya rufe, ya ba da labari. Ya lura yana ɗokin la'asar ta yi. Wajen shafi na tamanin abin ya fara sauyawa a hankali, kamar ruwan da ke shigowa gona ta ƙarƙashin ciyawa. Wani mutum mai doguwar baƙar riga ya fara tsayawa a hayin titi yana kallon gidan. Aka ga sawun takalmi a gindin taga. Wasiƙu suka fara zuwa da sunan ƙanwar, mai kantin yana sa su cikin akwatin teburinsa, yana cewa sai ta ƙara ƙarfi zai ba ta, kada hankalinta ya tashi. Sa'idu ya ji tsoron mai baƙar rigar nan ya kama shi sosai. Ran nan yana komawa gida, ya hangi wani mutum tsaye kusa da dangar lakwal, sai da gabansa ya faɗi, ashe mai neman akuyarsa ne.

Wata yamma, bayan ya gama ba da labarin ranar, Ado ya ajiye komar a cinyarsa.

"Mushe, ita matar mi ta ce?"

"Game da mi?"

"Game da komi. Kwana goma sha ke nan kana ba ni labarin gidan nan, ban ji ta buɗe baki ba."

Sa'idu ya koma baya yana buɗe shafuka. Ya sami inda ta ce ta gode. Ya sami inda ta tambaya ko yau wace rana ce. Ya ci gaba da nema, bai sami wani abu ba.

"Ba ta cika magana ba," ya ce. "Ba ta da lafiya."

"Ba ta cika magana ba, ko shi ne bai cika gaya maka abin da ta ce ba? Ni dai na yi shekaru ina raba rigimar masunta. In mutum ya zo mani shi kaɗai yana ta faɗin kirkinsa, nakan ce a kirawo ɗayan."

"Haba, Baba! Mutum ya bar kantinsa, ya bar abokansa, ya zauna yana jinyarta. Ga mugu a ƙofar gida yana dako. Mi kake so ya yi? Ya buɗe ƙofa kowa ya shigo?"

Sai da ya gama ya ji yadda muryarsa ta tashi. Wasu mata masu wanki can nesa sun juyo suna kallo.

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Ado, ya ɗauki komarsa. "Ni ban san mutumin ba. Ashe kai ka san shi."

Sa'idu ya naɗe tabarmarsa ya tafi, bai ko jira magariba ba.

Kwana uku bai koma bakin tabki ba. Dama sama ta ɗaure, ana ta yayyafi daga safe zuwa azahar. Ya zauna bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa, ya ci gaba da karatu shi kaɗai, da niyyar ya kai inda gaskiyar mai kantin za ta fito, ya koma ya nuna wa tsohon.

A rana ta biyu ya iso wani shafi. Wata ƙawar ƙanwar tun ta yarinta ta yi tafiyar yini guda ta zo ganin ta. Mai kantin ya tare ta a bakin ƙofa, ya gaishe ta da fara'a, ya karɓi tsarabarta, ya ce ai kuwa yanzun nan barci ya ɗauke ta, likita ya ce kada a tashe ta. Matar ta yi tsaye jim, ta juya. Shi kuma ya rubuta cewa ya ji daɗi da ya kare ta daga gajiyar baƙi.

Sa'idu ya karanta wurin sau biyu. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gidansa, ta kara ce, ruwa na ɗiga daga samanta. A daidai nan Ladi, ƙawar Rakiya, ta taɓa tsayawa da ƙwaryar gujiya a ka, ta taho tun daga Gabi. Lokacin watan Rakiya biyu da yin ɓari. Ya tuna har kalmomin da ya faɗa, da murmushin da ya yi.

Ya ce a ransa wannan daban. Ya ci gaba.

Daga nan bai ƙara jin daɗin littafin ba, kuma bai iya ajiye shi ba. Maganar mai kantin ba ta sauya ba ko kaɗan, tana nan a natse kamar da, amma yanzu Sa'idu na jin abin da ke ƙarƙashinta. In mutumin ya ce ƙanwarsa ta yi shiru don ta samu sauƙi, shi ya san ba sauƙi ba ne. In ya ce ya ƙara mata ɗigo biyu na magani, sai Sa'idu ya koma ya sake karanta layin. Ya manta da abincin rana. Furar da ya saya ta yi tsami a ƙwarya.

A rana ta uku ya kai ƙarshe. Aka tsinci gawar mai baƙar riga a kogi. Mai kantin ya ambaci zancen a layi guda, tsakanin labarin farashin gawayi da na ciwon bayansa, ya ƙara da cewa da safen nan ya wanke takalmansa don sun yi taɓo. Can gaba, cikin maganar wani abu daban, ya faɗi cewa ashe mamacin ƙanen mijin ƙanwar tasa ne, kuma ita ce da kanta ta aika masa ƴar takarda ta hannun mai kawo madara, tana roƙon ya zo ya fitar da ita. Mai kantin ya ce wannan ya nuna yadda ciwon ya taɓa mata hankali. Shafin ƙarshe su biyu ne a tebur. Tana shan miya, idonta na kan takalman da ke bushewa kusa da murhu. Shi kuwa ya gode wa Allah da ta samu natsuwa a ƙarshe.

Sa'idu ya rufe littafin. Ya rasa inda zai ajiye shi. Bai so ya kwana da shi a ɗaki, sai ya kai shi biro ya kulle, ya dawo ya tsaya tsakar gida. Ruwa ya ɗauke, kwaɗi sun fara. Ya dubi dangar da ke tsakaninsu da maƙwabta. Da can akwai wata ƴar kafa da Rakiya ke tsayawa suna hira da matar maƙwabcinsu. Shi ya sa aka toshe ta, aka ƙara wa dangar tsawo, ya ce iska na shigowa. Ya hana ta zuwa rijiya, ya ɗauki mai kawo ruwa. Suna ko biki, ya ce ta bari sai ta warke. Ta warke, ya ce ta bari ta ƙara ƙarfi. Sannan ga saƙon da Illo direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo, cewa kakar da ta rene ta tana kwance tana kiran ta. Ya riƙe saƙon kwana biyar, don hanya ta ɓaci kuma ba ya son a girgiza ta a mota. Ranar da ya gaya mata, an riga an rufe tsohuwar da kwana ɗaya.

"Ni ban kashe kowa ba," ya faɗa a fili, ba kowa a gidan.

Gaskiya ne, bai kashe ba. Ya maimaita, bai ji sauƙi ba.

Washegari da la'asar ya gangara bakin tabki ba tare da littafin ba. Ado ya matsa masa wuri kamar ba abin da ya faru. Sa'idu ya ba shi ƙarshen labarin, bai rage komai ba.

"Shi ke nan?" in ji Ado. "Ba a kama shi ba?"

"Ba a kama shi ba."

"Ita ma ba ta fita ba?"

"Ba ta fita ba."

"To wanda ya rubuta wannan abu, don mi ya rubuta? Ya ɗauke ka wata guda yana ja, ya kai ka bakin rijiya ya bar ka." Ya yi tsaki. "Ni da na sani da ban fara saurare ba."

Sa'idu ya so ya ce masa ai nan ne ƙarfin littafin yake, cewa mutum zai yi shafi ɗari yana tare da mugun yana jin tausayinsa bai sani ba. Ya so a ce akwai mutum ɗaya a garin nan da ya karanta shi da kansa, ya bi shi layi-layi, wanda zai tambaya: kai a wane shafi ka gane? Amma babu. Sai ya yi wata tambayar.

"Baba, lokacin da Rakiya ke gidana, mi mutane ke faɗi?"

Ado ya ɗan jima yana ƙulla zare.

"Maza na cewa Mushe na da kirki. Mata kuwa, a bakin rijiya, cewa suke shekara ta zagayo ba su ga fuskarta ba."

"Ba wanda ya gaya mani."

"Wa ke gaya wa malamin lakwal abu? Ai kai ke riƙe da alli."

Ran Asabar da sassafe ya hura wa kekensa iska ya kama hanyar Gabi. Gero ya yi tsawo ya rufe hanya ta ɓangarorin biyu, wani wuri sai ya sauka ya tura saboda rairayi ko laka. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa, yana tsara shi kamar darasi, yana rushewa.

Ya iso da hantsi. Mahaifinta, Malam Shu'aibu, yana shirin tafiya gona, hauya a kafaɗa. Ya yi mamakin ganin sa amma bai nuna ba. Suka gaisa, aka kawo ruwa.

"Baba, ba da wata rigima na zo ba. Magana guda nake so in gaya mata, in kun yarda."

Tsohon ya dube shi, ya shiga ciki. Ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Tana bayan gida tana suyar ƙuli. Ta ce ka zagaya. Innarta na nan kusa."

Ya same ta durƙushe gaban kasko, hayaƙi na shiga mata ido. Ta yi baƙi, hannayenta sun yi kauri, ta fi yadda ya san ta ƙiba. Wata yarinya ta ce wani abu daga cikin gida, Rakiya ta amsa da dariya da ƙarfi kafin ta juyo gare shi. Ya ga bai tuna ranar da ya ji wannan dariyar a gidansa ba.

"Sannu da zuwa, Mushe. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

Suka gama gaisuwa. Ta ci gaba da juya ƙuli. Duk abin da ya shirya ya gudu.

"Na karanta wani littafi," ya ce, ya ji wautar maganar tun kafin ya rufe baki. Ya sake sabon lale. "Rakiya, Ladi ta zo ganin ki sau biyu. Na ce mata kina barci. Ba barci kike ba."

"Sau uku," ta ce. "Ina bayan danga ina jin ku."

Ya ci gaba da magana.

"Saƙon Kaka kuma..."

"Illo ya gaya mani ranar da ya kawo ni. Ya ɗauka na sani." Ta kwashe ƙulin da ya soyu ta zuba a faifai. "Ba sai ka faɗa ba."

"Mi ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko.

"Na yi, Mushe. Na ce ina son zuwa gida, ka ce in huta. Na ce kaina na ciwo da zaman ɗaki, ka sayo mani magani. Na yi kuka, ka ce ɓarin ne bai sake ni ba. Da zagi na kake da na san abin da zan kai ƙara. To in je in ce mi? In ce mijina na kula da ni?"

Ba faɗa a muryarta. Da akwai, da ya fi masa sauƙi.

"Ki yafe mani."

"Na yafe tun bara. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya san bai kamata ya yi tambayar da ke bakinsa ba, amma ya yi.

"In da hali... in an sake zama..."

"An sa rana," ta ce a hankali. "Bayan an yanke gero. Wani mutumin garin Sarkin Yamma ne." Ta juya ƙuli. "Ko da ba a sa ba, Mushe."

Ya gyaɗa kai. Ta ɗebi ƙuli mai zafi ta ƙulle masa a ganye, kamar yadda za ta yi wa kowane baƙo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa innarta sallama, ya fita. Malam Shu'aibu ya raka shi har bakin gari, suna zancen ruwan bana da tsutsar da ta fara taɓa wake, ba wanda ya ambaci abin da ya kawo shi.

A hanyar komawa ƙaya ta fasa masa tayar baya. Ya tura keken cikin rana har Madarumfa, ya iso ana kiran la'asar, ƙafafunsa sun yi kanta. Ya yi salla, ya zauna kan tabarma, ya kwance ganyen ya ci ƙulin shi kaɗai.

Aka buɗe lakwal farkon Oktoba, malamai suka dawo da labaran garuruwansu. Da suka tambaye shi yadda ya yi hutu, ya ce lafiya, ruwa ya yi kyau. Wata Talata cikin kaka, yana tsakiyar ba yaran ajinsa dikte, wato shifta, ya ji kamiyo ya tsaya a bakin hanya. Illo direba ya leƙo ta taga ya gaishe shi, ya ce jiya ya kai kayan amarya daga Gabi zuwa Sarkin Yamma, an yi taro lafiya, ya ga ya kamata ya ji daga bakinsa. Sa'idu ya yi masa godiya, ya ce Allah ya sa albarka. Yara arba'in da biyu na riƙe da alƙalumansu suna jiran sa. Ya nemi layin da ya tsaya, ya ɗan jima bai gan shi ba, sannan ya ci gaba da karanta musu a hankali, kowace jimla sau biyu.